Linkis ɗin azurfa daga maƙerar Baffa: zare

1/ Tambaya ɗaya ta fi kowace yawa a akwatin saƙona: me ya sa maɓallan hannun riga na azurfa, waɗanda 'yan gayu ke cewa linkis, suke da tsada haka a wurinmu, alhali ga na kasuwa nan birjik a araha? Amsar ba za ta shiga saƙo ɗaya ba. Ku gyara zama, zaren yana da ɗan tsawo.

2/ Ni ɗan Magami ne, garin da ke kan hanyar Gusau zuwa Dansadau. Gidanmu gidan ƙira ne tun kaka da kakanni. Da yawanku in an ce maƙeri, garma da fartanya da gatari kuke tunawa. Waɗancan su ne maƙeran baƙi. Mu maƙeran fari ne: azurfa da tagulla, zobe, munduwa, awarwaro, 'yan kunne, kayan adon doki.

3/ Ƙanen mahaifina, wanda muke kira Baffa, shi ya riƙe maƙerar bayan rasuwar Kaka. Ni ɗan zuga ne tun ina firamare, ana tashi makaranta in wuce in kama zugazugi. Yanzu aikina ya ƙaru: ni ke auna azurfa, ni ke goge kaya, ni ke ɗaukar hoto da amsa WhatsApp. Guduma da zane har gobe na Baffa ne.

4/ A da, masu sayen kayanmu mata ne, musamman matan Fulani na rugagen da ke kewaye da mu da matan manoma bayan kaka. Mace ta sayar da maraƙi ko buhun dawa, ta zo ta sa a ƙera mata munduwa. Ado ne, kuma asusu ne. Ranar da ciwo ya zo ko damina ta ƙi, ta cire ta kai a auna a ba ta kuɗi. Banki ne da ake ɗaurawa a hannu.

5/ Ba sai na ba ku labarin abin da ya sami yankinmu ba, kuna ji a labarai. Rugage sun watse, ƙauyuka sun tashi, hanya ta zama sai da addu'a. Wanda ke neman abin da zai kai bakin salati ba ya zancen munduwa. Sai muka tattara uwar maƙera da masaba da awartaki muka dawo Gusau, muka kama ɗan shago wanda mutum uku ba sa juyawa a ciki.

6/ A Gusau muka tarar da wata duniya daban. 'Yan matan birni gwal suke so, ko na gaske ko na yayi mai ruwan gwal. Zoben azurfa na maza yana tafiya, amma mutum ya sayi ɗaya ya shekara goma da shi. Akwai satin da wutar maƙera ba ta tashi ko sau ɗaya.

7/ Abin da na lura da shi kuwa shi ne hannun samari. Je masallacin Juma'a ko wurin ɗaurin aure ka duba. Shadda mai tsada, ɗinki na ji da gani, hula ta zauna, agogo na ƙyalli. Amma linkis ɗin da ke riƙe da hannun rigar ya kwaile, ja-ja ya fito, ko dutsen ya faɗi an bar rami. Kowa yana saye, kuma kowa yana sake saye duk Sallah.

8/ Na kai wa Baffa guda ɗaya da ya karye, na ce ko za mu gwada. Ya juya shi, ya sa magagari ya ɗan karta gefe, ya yi dariya. Ya ce, "Wanga ai ba ƙira ba ce, zubi ne anka yi mai wanka. In wanga suka so, mu kam muna iya wanda ya hi shi." Ranar ya hura wuta. Zamani riga ne, in ji shi, sai dai kowa da irin wuyan da yake yanka wa tasa.

9/ To ga yadda ake yi, don ku san abin da kuke biya. Farko awo. Linkis guda biyu masu kauri daidai suna cin azurfa kamar giram 12. Azurfa zalla ta yi laushi, tana lanƙwashewa, don haka ake haɗa ta da jan ƙarfe kaɗan. Lambar nan 925 da kuke gani a jikin zobe ma'anarta ke nan: cikin kashi 1,000, kashi 925 azurfa ce, 75 jan ƙarfe.

10/ Sai narkarwa. A zuba a ɗan kasko na yumɓu, a binne shi cikin gawayin ƙirya, ni kuma in kama zuga. Azurfa zalla ba ta narkewa sai zafi ya kai wajen digiri 962, haɗaɗɗiya kuma ƙasa da haka kaɗan. Baffa ba shi da na'urar auna zafi. Idonsa ne ma'auni. In ta dunƙule ta fara juyi tana sheƙi kamar ƙwayar idon kifi, sai ka ji ya ce, "Ta yi."

11/ A juye ta cikin wani ɗan kwami na ƙarfe da aka shafa wa mai, ta daskare ta zama ɗan sanda. Daga nan sai duka a kan uwar maƙera. Amma azurfa tana da hali: in ka yi ta dukanta sai ta ƙage, ka ƙara ta tsage. Dole bayan 'yan bugu a mayar da ita wuta ta yi ja kaɗan, a tsoma a ruwa, ta saki jiki, sannan a ci gaba. Haka za a yi ta yi har ta zama falle.

12/ A fallen ake yanko fuska biyu, a daidaita su da magagari har in ka haɗa su baya da baya ba ka gane ta dama da ta hagu. Wani yankin azurfar kuma a ja shi ta cikin ƙarfe mai ramuka, daga babban rami zuwa ƙarami, har ya zama waya. Da wayar ake yin ƙafar da ke ratsa ramin hannun riga da ɗan sandan da ke tare ta ta baya.

13/ Wurin da ake gane maƙeri shi ne haɗi. Kun san kalmar sinadari da ake ta faɗa a rediyo? Mu a maƙera, sinadari shi ne abin da ake liƙe ƙarfe da ƙarfe da shi. Namu azurfa ce da aka ƙara wa tagulla don ta riga sauran narkewa. A ɗora ɗan ƙwaya kamar gero a mahaɗa, a ba shi wuta. Daƙiƙa biyu aka ƙara, fuskar da aka wuni ana gyarawa ta zama ɗigon ruwa.

14/ Lokacin haɗin nan ba a magana a shago. Ko sallama aka yi, sai Baffa ya ɗaga wuta yake amsawa. Wani baƙo ya taɓa jin haushi, ya ce ana yi masa wulaƙanci. Da Baffa ya gama ya ba shi haƙuri, ya ce, "Alhaji, sallamarka tana jirana, ita ko wagga ba ta jiran kowa."

15/ Abu ɗaya da ba ya shiga shagonmu shi ne dalma. Masu gyaran rediyo suna liƙi da ita, wasu masu gaggawa kuma suna sa ta a kayan ado. In dalma ta taɓa azurfa a wuta tana cin ta, ta bar ramuka. Kuma mu 'yan Zamfara ba sai an yi mana wa'azi kan dalma ba. A 2010 gubarta daga dutsen zinariya da ake niƙawa cikin gidaje ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum.

16/ Bayan haɗi, kayan suna fitowa baƙi ƙirin kamar an tono su a toka. Sai a tafasa su a ruwan lemun tsami da alif, su fito fari fat. Sannan zane: 'yan ƙusoshi ne na ƙarfe da Baffa ya ƙera da kansa, kowanne da bakinsa, wani ɗigo, wani baka, wani layi. Yana bugawa ɗaya bayan ɗaya, ba tare da ya zana da fensir ba. Daga ƙarshe ni in goge.

17/ In komai ya tafi daidai, wuni biyu ne a kan linkis guda biyu. Na kasuwa kuwa inji ne ke zubo ɗaruruwa a lokaci ɗaya, yawanci da tutiya ko tagulla, a yi musu wanka da ruwan ƙyalli wanda bai kai kaurin fatar albasa ba. Shi ya sa zufar wata uku take gamawa da su. Araha dai ba ta ado.

18/ Yanzu kuɗin azurfar kanta. A watan Oktoban 2025 farashinta a kasuwar duniya ya haura dala 50 kan kowane oza, wato giram 31 da ɗoriya, ya karya tarihin da ya tsaya tun 1980. Ku yi lissafi da kanku: giram 12, dala tana kusan naira 1,500 a lokacin. Ƙarfen kaɗai ya wuce naira 25,000, ba a sa gawayi ba, ba a sa wuni biyun dattijo ba.

19/ Cikin abubuwan da ke jan farashin har da wanda ke kan rufin gidajenku. Azurfa ta fi kowane ƙarfe iya ɗaukar wutar lantarki, don haka ake sa ta a farantan sola da cikin wayoyin hannu. Wato masana'antun Sin da Baffa a ɗan shagonsa, ƙarfe ɗaya suke rububi. Kun san wanda zai ci.

20/ Sai tambayar da ba wanda ya taɓa yi min, alhali ita ce ta fi damuna: daga ina azurfar take zuwa? Kaɗan muna sarowa daga Kano. Amma mafi yawa tsofaffin kaya ne ake kawo mana har shago, a ƙulle a bakin zane.

21/ Wannan ba sabon abu ba ne. Maƙeran ƙasar Hausa sun daɗe suna narka kuɗi su yi ado. Akwai tsohuwar dalar azurfa mai hoton Sarauniya Mariya Tariza ta Ostiriya, wadda duk shekarar da aka buga ta 1780 ake rubutawa a jiki. Nauyinta giram 28, kashi 833 cikin 1,000 azurfa. Fatake sun shigo da ita, ta yi yawo a kasuwanninmu tun kafin zuwan Turawa.

22/ Sannan sulallan Turawa. Na farko da aka buga wa Afirka ta Yamma daga 1913 azurfa ce ta gaske, sai daga 1920 aka koma yin su da tagulla. Tsofaffin nan da yawa ba a kashe su a kasuwa ba, maƙera suka shiga. Saboda haka munduwar kakarki, 'yar'uwa, mai yiwuwa sule ce da sisi na shekara ɗari da suka wuce.

23/ Abin da ya canza shi ne dalilin kawowa. A da mace tana kawo tsohuwar munduwa a sake mata sabon yayi. Yanzu tana kawowa ne don kuɗin hayar ɗaki a Gusau, ko magani, ko tiyar masara. Wasu kuma, ba sai sun faɗa ba, ka san karo-karon fansar wani ake haɗawa. Asusun nan da na ce muku, yanzu ake fasa shi, gida-gida.

24/ Wata rana wata tsohuwa daga wajen Wanke ta zo da jikarta. Ta kwance ƙulli, munduwa biyu masu nauyi. Baffa ya ɗauka, ya juya cikin, ya yi shiru. Akwai ɗigo uku a jere kusa da baki. Alamar Kaka ce. Ya ce, "Inna, wagga a gidanmu anka yi ta." Ta ce, "Na sani, Malam. Shi ya sa ban kai ma kowa ba."

25/ Ya auna a gabanta, ya juya mata ma'aunin ta gani, ya biya ta farashin ranar cif. Bai ƙara ba, don ba shi da abin ƙarawa. Bai rage ba, ko da yake a fuskarta kowa ya san ko rabi aka miƙa za ta karɓa. Ta ƙirga, ta yi godiya, ta kama hannun yarinyar suka fita. Ba ta waiwayi munduwar ba ko sau ɗaya.

26/ Baffa yana da ƙa'ida a kan irin waɗannan kaya. Ba ya sa musu wuta sai sun yi wata guda a akwati. In mai su ya dawo da abin da aka ba shi, ya ɗauki kayansa, ba riba. A lissafin kasuwa wannan hasara ce, don jarinmu kaɗan ne kuma yana kwance. Na ga waɗanda suka dawo. Ba su da yawa.

27/ Inna ba ta dawo ba. Wata ya cika, aka shiga na biyu, ga odar wani ango daga Abuja, ga shago ba azurfa. Ranar da Baffa ya buɗe akwatin, ya ce in kawo takarda da fensir. Ya naɗe munduwar da takardar ya goga fensir a kai har zanen ya fito, ni kuma na ɗauke ta hoto ta kowane gefe. Sannan ya saka ɗaya a kasko. Ɗayar tana nan har yau, ya ce ba ta sayarwa ba ce.

28/ Zanen da ke jikin munduwar, layi biyu da ɗigo-ɗigo a tsakani kamar sawun tsuntsu, shi ya buga a fuskar linkis ɗin angon. A baya ya sa ɗigo uku. Angon ya turo hoto ranar ɗaurin aure yana ta yabo. Na rubuta masa tarihin ƙarfen da ke hannunsa a taƙaice. Ya daɗe bai amsa ba, sannan ya tambaya ko akwai hanyar da zai aika wa tsohuwar wani abu. Ba mu san inda take ba.

29/ Tun daga ranar, duk tsohon kayan da zai shiga wuta sai an goga zanensa a takarda. Littafin makaranta ne mai layi, yanzu mun shiga na biyu. A ƙasan kowane zane Baffa yana sa ni rubuta yankin da kayan suka fito: Magami, Wanke, wajen Tsafe, Kwatarkwashi ta Bungudu. Yana iya duban zane ya ce maka wannan hannun gidan wane ne, kuma ko akwai sauran mai ƙira a gidan. Sau da yawa babu.

30/ Wani zai ce, to ai ku ne kuke cinye tarihin, kuna narka kayan kakanni kuna yi wa 'yan gayu ado. Na yarda maganar tana da nauyi, kuma mun sha yin ta da Baffa. Amsarsa ita ce, in bai saya ba wani zai saya a rabin kuɗi, a narka a dunƙule a fitar, ba mai tambayar wa ya ƙera. Ƙarfen ba ya mutuwa ko a hannun wa. Zanen da hannun da ya iya buga shi su ne ke mutuwa.

31/ Kuma ba mu muka fara bin zamani ba. Maƙeran Abzinawa na Agadas, masu shahararriyar sarƙar nan ta azurfa, sun daɗe da gane haka. Da masu sayensu na daji suka ragu, suka koma yi wa baƙi da mutanen birni kaya, har kamfanin Hermès na Faransa ya sayar da kawunan bel na azurfa da maƙeran Nijar suka zana. Zanen nasu ne, abin da aka ɗora shi a kai ne ya canza.

32/ Masu tambaya ta fuskar addini: zinariya dai an san ba ta halatta ga maza ba, zoben azurfa kuma sunna ne. Maɓallin riga na azurfa kuwa malamai sun yi saɓani a kai, kuma a mazhabar Malikiyya da muka tashi a ciki an taƙaita azurfar da namiji zai sa. Ni ɗan zuga ne, ba mai fatawa ba. Ka tambayi malaminka kafin ka yi oda. Wanda ya ce a yi masa da tagulla, muna yi, zanen ɗaya ne.

33/ Ga guzuri ko ba a wurinmu za ka saya ba. Lambar 925 ba hujja ba ce, kowa yana iya sayen hatimin ya buga. Maganaɗisu ba ya kama azurfa, amma tagulla ma ba ya kama ta, don haka gwajin rabi ne. Wanda ya fi shi ne a karta wani lungu da magagari. In ciki da waje launi ɗaya ne, fari, da sauƙi. In ja ko rawaya ya leƙo, wanka ne.

34/ Akwai kuma wadda ake kira azurfar Jamus. Sunan ne kawai, ko ƙwayar azurfa babu a ciki: jan ƙarfe ne da tutiya da nikel. Nikel ɗin ne ke sa wa wasu ƙaiƙayi da ƙuraje a wuyan hannu. Kuma ka sa a auna maka a gabanka. Maƙerin gaskiya ba ya jin haushin ma'auni.

35/ In azurfarka ta yi duhu, kada ka ce an cuce ka. Halinta ne, iska da zufa da turare ke sa ta haka. Ɗan man goge baki da tsumma mai laushi, ta dawo. Ta gaske tana dushewa ta farfaɗo. Ta bogi in ta kwaile ta tafi ke nan. Kuma ko bayan shekara ashirin ka gaji da ita, nauyinta kuɗi ne.

36/ Abin da ya rage shi ne hannu. Idon Baffa ya fara gajiya, zanen ƙanana sai da tabarau da hasken safe. Cikin 'ya'yan gidanmu, wasu suna kabu-kabu, wasu sun tafi Legas, wasu haƙar zinariya. Ban ga laifinsu ba, sana'ar da ba ta ciyarwa ba a yi wa yaro dole da ita. Amma tun da odar linkis ta fara shigowa, ƙanena ɗan shekara 14 ya karɓi zuga, ni kuma an fara ba ni magagari. Baffa ya ce haɗi sai baɗi, in Allah ya kai mu.

37/ Roƙona biyu ne. Na ɗaya, in akwai tsohuwar azurfa a gidanku, ta Inna ko ta Kaka, ku ɗauke ta hoto ciki da waje yau ɗin nan, ku tambayi mai ita wa ya ƙera, a wane gari, da me aka biya. In dole ta sa za a sayar, a san farashin giram na ranar kafin a fita gida.

38/ Na biyu, in akwai maƙerin fari a garinku, Gusau ne ko Kano ko Katsina ko Maraɗi, ku kai masa aikin da kuke sawa yanzu: linkis, maɓallin wuya, kan bel, abin maƙale makulli. Ku yi ciniki, amma kada ku taya wuni biyun dattijo da kuɗin katin waya. Wanda ke da hoton tsohon zane daga yankinmu kuma ya ajiye min a ƙasa da sunan garin, zan nuna wa Baffa mu ji ko zai gane hannun. Allah ya zaunar mana da ƙasarmu lafiya.